A Ƙara Siranta Shi

Modu mai shadda ne ya dawo da aiki na uku a watan. Ya shimfiɗa ƙyallen tallarsa a kan tebur, ya dangwala yatsa a kan lambar wayarsa. Daga tsallaken titi, in ji shi, ɗaya da huɗu da bakwai duk sanduna ne a tsaye. Tun da ya rataya ƙyallen a Kantin Kwari, masu neman shadda wata tsohuwa suke ta kira a Gusau, har ta fara zagi.

Waliu, wanda ya tsara rubutun, bai ɗago daga kwamfuta ba. Shekaru ya yi a Istanbul, ya dawo Fagge da jaka ɗaya, da ɗan gemu, da wani salon haruffa da yake so kamar ransa. Kowane harafi gefe ɗaya kauri kamar taɓarya, ɗaya gefen siriri kamar silin gashi, ga 'yan ƙafafu masu tsini a ƙarshen kowane layi. A can da irinsa ake rubuta sunan turare da bangon mujalla, manya-manya, mutum ya tsaya kusa ya sha kallo. A nan kuwa daga cikin adaidaita ake karatu, tana gudu.

Alhaji Fatai, yayan mahaifinsa kuma mai shagon ɗab'in, ya sallami Modu da ban haƙuri, sannan ya juyo.

"Waliu, a ƙara dawo min da aiki ɗaya, ka sauka daga kujerar nan. Ga kalanda can a baya tana jiran mai naɗewa."

Duk wannan a kan idon wata mata aka yi, tana zaune a benci tana jiran a saurare ta. Ta miƙe ta ɗauki ƙyallen Modu, ta sa aka riƙe mata shi a ƙofa, ta tsallaka titi. Ta kalla. Ta cire tabaraunta ta kalla, ta mayar ta sake kallo. Ta dawo tana murmushi har kunne.

Sunanta Madam Philomena, sabon shago ta buɗe a Sabon Gari. Allo take so babba, a rubuta HASKE, da wannan salon ba wani ba.

"Ka ga, ɗana, mu abin da muke sayarwa..."

"Madam, ko ba ki faɗa ba. Harafi shi ke magana." Daga nan Waliu ya ɗauko tarihin kauri da siriri tun daga tushe. Ta bar shi ya gama.

Da ta dawo duba samfuri, tabarau mai jan baki ne a fuskarta. Ta matsa da baya har bango.

"Wannan siririn, a ƙara siranta shi."

Waliu ya ji kamar ya yi kuka. Ashe akwai mai ido a garin nan.

Zuwa na gaba da tabarau mai ruwan goro ta zo. Ta ce baƙin fenti ya cika ihu, a yi mata ruwan toka a kan fari. Aka yi. Alhaji Fatai ya tsaya daga bakin ƙofa ya hango allon: H ta zama turaku biyu, E ta zama turke ɗaya, A ta rasa ƙafa. Ya shiga baya ya share wa ɗan ƙaninsa wurin zama kusa da kalanda.

Tun ranar da aka tafi da allon, duk adaidaitar da ta tsaya a ƙofar shago da dogon abu a samanta sai Waliu ya leƙa, ko allon ne aka dawo da shi. Sau ɗaya katifa ce. Sau ɗaya ƙofar banɗaki.

Sai ga waya. Madam Philomena ce, muryarta da ƙyar take fita saboda hayaniyar mutane. Tana son ƙarin allo biyu irinsa sak, za ta buɗe reshe.

Alhaji Fatai ya sa aka maimaita masa saƙon. Waliu kuwa ya saka rigarsa ta Istanbul, ya tari adaidaita zuwa Sabon Gari, zai ɗauki hoton da zai tura wa abokansa na can.

Daga tsallake ya sauka. Ga allonsa a sama, ga kuma abin da ya daɗe yana mafarki: jama'a na tsayawa saboda rubutu. Mai tura baro ya ja birki ya ɗaga kai. Wata mata ta rufe ido ɗaya, ta buɗe, ta rufe ɗayan. Wani dattijo ya daɗe yana kallo har yana share ƙwalla da hularsa. Kuma kowa ya gama kallo sai ya nufi shagon. Benci biyu sun cika a ƙofa. A na biyun, wa zai gani in ba Modu mai shadda ba, ya yi tagumi.

Kano ta waye, Waliu ya faɗa a ransa. Ya gyara wuyan riga ya tsallaka.

"Ɗana mai albarka!" Madam Philomena ta taso, yau da tabarau shuɗi. "Zo ka sha lemo. A hankali dai, kar ka ture min kwalina, shi da allonka tare suke aiki."

Waliu ya sunkuyar da kai. Kwalin taliya ne aka jingine a bakin ƙofa, an rubuta da alƙalamin maka, haruffa ƙattai, munana, waɗanda ko daga cikin adaidaita za a karanta:

KA KASA KARANTA NA SAMA? SHIGO A GWADA IDONKA. AKWAI TABARAU.