Maginin da Ya Toshe Ramukan Kakansa

Tunda ka ce gyara za ka yi wa abin da ka tarar, zauna in ba ka wani misali kafin ka naɗe hannun riga.

A wani gari da ke jikin tudu akwai tsohuwar katangar dutse da ta tare ƙasar harabar masallaci, don kada ta zaftaro kan hanyar kasuwa. Wani magini ne ya ɗora ta tun kafin a san siminti a yankin. Dutse kan dutse, da jar laka a tsakani, kowanne sai da ya jujjuya shi ya samo gefen da zai zauna daram. Ya rasu, 'ya'yansa sun bi shi, gidajen da ya gina duk an rushe an sa bulo. Katangar nan kaɗai ta rage daga aikin hannunsa. Jikansa ya gaji sana'ar, kuma gwani ne ba na wasa ba, in ya ja layin bulo ko igiya ka ɗaura ba ka samun karkata. Baƙo ba ya zuwa garin bai kai shi gindin katangar ya nuna masa aikin kakansa ba, har abokansa na tsokanarsa wai ya fi gaishe ta a kan surukansa. Abu ɗaya ne ke sosa masa rai. A layukan ƙasa, bayan kowane taku uku ko huɗu, akwai rami da dunƙulen hannu zai shiga, kuma da damina ruwa kan tsiyayo ta nan ya bar gansakuka da jan tabo a fuskar dutsen. Shi a ganinsa tsufa ne ya zubar da lakar wuraren, ko kuma hannun tsohon ne ya gaji ya bar giɓi. Don haka da laka ta fara zaizayewa daga sama, duwatsu biyu suka saki, mutanen unguwa suka ce a gyara, bai bari an nemi kowa ba. Ya ce aikin gidansu ne.

Abin da katangar ke bukata bai wuce na kwana uku ba: a kankare lakar da ta mutu, a kwaɓa sabuwa irinta, a mai da duwatsun nan biyu mazauninsu. To, amma so in ya yi yawa ba ya jin bari. Mutumin naka ya kawo siminti da yashi, ya fara bin ramukan nan ɗaya bayan ɗaya yana ɗura musu kwaɓi. Tsohon ladanin masallacin ya tsaya a kansa ya ce, "Ɗana, ni dai tun ina yaro ta nan nake ganin ruwa yana fita. In ka rufe, ina zai bi?" Ya amsa cikin ladabi, "Ai Baba, shi ya sa za a rufe, don ya daina cin katangar." Ladan ya sa masa albarka ya wuce alwala. Da ya gama da ramuka sai ya bi fuskar katangar gaba ɗaya da filasta, ta yi sumul, ya kuma ɗauki bakin cokalin gini ya zana mata layuka don ta yi kama da dutse, alhali dutsen gaske yana ciki a rufe. Kowa ya yaba, ni ma da nake ba ka labari, in da ina wurin yabawa zan yi.

Damina ta farko ta wuce lafiya. A ta biyu, da marka ta kankama, ruwan da ke nutsewa a harabar masallaci ya taru a bayan katangar ya rasa mafita. Lakar ciki ta jiƙe, siminti ya hana ta shan iska balle ta bushe. Katanga ta fara yin ciki. Da ya ga tsaga sai ya ƙara mata siminti. Wata rana da hantsi, bayan an kwana uku ana ruwa, ta zame a hankali ta kwanta kan hanya. Allah ya kiyaye, ba kowa a ƙarƙashinta.

Ya zo da gudumarsa da niyyar tsince duwatsun ya sake ɗora su yadda suke. A nan ne ya ga bayan katangar, wurin da bai taɓa gani ba. Kowane ramin da ya toshe yana da faffaɗan dutse a samansa kamar kan ƙofa, an kuma jera masa tsakuwa a baya don ruwa ya tace ya fita, ƙasa ta tsaya. Ashe da gangan tsohon ya bar su, kuma su ne wuraren da ya fi ɓata wa lokaci a duk ginin. Wallahi abin da ban tausayi. Ya yi kusan wata yana ƙoƙarin raba duwatsun da simintin da ya maƙale musu, amma in ya buga, dutsen ne ke fashewa kafin simintin ya saki. Waɗanda ya samu lafiyayyu ba su isa ko layi biyu ba. Ƙarshenta bulo aka jera a wurin, kuma shi ya jera da hannunsa.

Shi ya sa Hausawa suka ce: garin neman gira, a rasa ido.