Feshin Yamma

Tun da kamfanin ƙetare ya sayi gajimaren Tudun Marke, a gonar rakensa kaɗai ake ruwa, damina ta tsaya cak a bakin wayar shingen gonar. Geron Malam Tanimu kuwa ya fara naɗe ganye.

Daga sallar roƙon ruwa ya zarce ƙofar kamfani, ya tarar da maigadi Hashimu, ɗan amininsa.

"Baba, rigarka a juye take."

"Daga roƙon ruwa nake. Can shiru, an ce nan ake amsawa yanzu."

"Ni ƙofa nake tsaro, Baba. Masu hadarin suna ƙasarsu, ko Bature mai kula da nan bai taɓa ganinsu ba."

"A da ƙasa suka ƙwace, aka ce mulkin mallaka. Wannan fa?"

"Zuba jari." Hashimu ya rage murya. "Zagaya bakin waya ta yamma. Wani lokaci iska kan yi kuskure, ta watso feshi."

Malam Tanimu ya ari bokitin maigadi, ya zagaya. Ya tarar da mutanen gari sun riga shi, sahu-sahu, kowa ya ɗaga ƙwaryarsa sama, sun ba alƙibla baya. Suka matsa suka ba shi wuri, ya shiga sahu.