Mai Sauraren Layin Mushe Hamani

Hoton Cha'ibu ya sake tsayawa cak a fuskar ordinater, wato kwamfuta, baki a buɗe, maganar ta yanke a tsakiya. Mushe Hamani ya zare wayar modem, ya hura mata iska, ya mayar. Haka yake yi kowace Lahadi bayan la'asar, kuma bai taɓa yin amfani ba.

Tsohon malamin lakkol ne, wato makarantar boko, a Gaya, inda ake ce wa malami Mushe; ya ajiye alli shekara shida ke nan. Abokan hirarsa wasu sun rasu, wasu sun koma Dosso wurin 'ya'yansu. Da safe yakan fito ƙofar gida ya kalli manyan motocin da suka yi jerin gwano suna jiran ƙetare gada zuwa Malanville, har rana ta kore shi ciki. Abin da ya rage masa a mako shi ne wannan rabin awar da ɗansa na fari, Cha'ibu, wanda ke aikin jinya a Faransa. Cha'ibu ne ya sa aka jona intanet a kan tsohon layin tarhon gidan, don su riƙa ganin juna.

Abin haushi, layin lafiyarsa ƙalau duk mako. Ranar Talata Mushe zai karanta jarida har idonsa ya yi yaji. Amma da zarar kiran Lahadi ya shigo, sai ya koma tafiyar hawainiya.

Matarsa Hajjo ba ta da hannu a wannan wahala, don ba ta zama. Kunyar ɗan fari take yi irin ta mutanen da: shekara talatin da ɗaya ba ta taɓa kiran sunan Cha'ibu ba, "wancan" take cewa. Tana jin ƙarar kira za ta ɗauki buta ta shige ɗakinta ta turo ƙofa. Sau ɗaya tak ta kula na'urar, ranar da aka kawo ta. Ta nuna siririyar wayar da ke bin bango ta ce, "Ta nan muryar ke biyowa?" Ya ce eh, ta wuce abinta. Mushe na jin zafin wannan hali, ko da yake bai taɓa faɗa mata ba.

Ya sauya wa modem wuri sau uku. Ya lulluɓe shi da ɗankwali don ƙura, ya yi zafi, ya yaye. Ya sa aka sare reshen mangwaron da ke gogar waya a waje. Mangwaro ya tafi a banza.

Rannan Cha'ibu ya rubuto masa gajeren saƙo: tunda kiran ba ya tafiya, su bar shi, zai riƙa rubutowa. A ƙarshe ya ƙara da cewa, ai ko yana tafiya, Inna ba ta zuwa. Mushe ya karanta sau biyu, abinci bai shiga ba ranar.

Sai wani tunani ya kama shi. Watanni kaɗan ke nan da sojoji suka karɓi mulki a Yamai, shi kuwa a ƙuruciyarsa ya yi sandika, ƙungiyar ƙwadagon malamai, bakinsa bai taɓa zama wuri ɗaya ba. Layin da ba ya ciwo sai lokacin da ake magana da ƙasar waje, me ke nan? Ya daina zancen siyasa ko da mai shayi.

Ya roƙi Yakuba, wani tsohon ɗalibinsa da ke gyaran layukan tarho, ya zo ranar Lahadi ya gani da idonsa. Yakuba ya zo da jakar kayan aiki, ya duba filtir, ɗan akwatin da ke raba layin magana da na intanet, a bayan tarhon falo.

"Mushe, tarho nawa ne a gidan nan?"

"Ɗaya. Ga shi gabanka."

Kira ya shigo. Hajjo ta ɗauki buta. Cha'ibu ya yi sallama, fuskarsa tar, har Mushe ya fara jin kunyar ɗauko mutum a banza. Minti ɗaya bai cika ba fitilar modem ta soma ƙyaftawa, hoton ya tsaya.

Yakuba ya maƙala ɗan tarhonsa na gwaji ya saurara. Ya rage murya.

"Yanzun nan wani ya ɗaga kan tarho a layin nan, kuma nasa ba shi da filtir. Shi ke kashe muku kiran."

Mushe ya matso kusa da shi. "Suna jin abin da muke faɗa?"

"Ko kalma ɗaya. Maganar ordinater ba ta fita a kan tarho. Duk wanda ya ɗaga, shuuu kawai yake ji, kamar ruwan sama a kan kwano."

Suka bi waya daga falo zuwa baranda. A saman ƙofa, ƙarƙashin farar ƙasar da aka shafa shekara da shekaru, ta rabu biyu. Mushe ya zaci reshen zai haura katanga ya nufi titi. Sai ya ga ya yi cikin gida. Yakuba ya tsaya a bakin zaure, don ba ya shiga wurin iyali. Mushe ya ci gaba shi kaɗai, yana bin wayar da yatsa, yana tuna wani baƙin tarho da ya sa aka ja zuwa cikin gida tun yana daraktan lakkol, wanda ya ɗauka ya mutu tuntuni.

Buta na ajiye a bakin ƙofar ɗakin Hajjo, cike, ba a taɓa ruwanta ba. Ya leƙa ta taga.

Hajjo na zaune a bakin gado, ta ture kallabi daga kunne ɗaya, ta danna baƙin tarhon da hannu biyu, ido a rufe, tana cewa a hankali cikin wannan shuuu ɗin, "Cha'ibu, ɗaga murya kaɗan, Innarka ce."