Sarƙar Ƙarƙashin Lori

Maliki ya wurga sarƙar a gaban dattawan ƙauye.

"Ga asirin da Gado ya ɗaure mini a ƙarƙashin lori. Tun da aka ba ni aikin kai auduga garin Suki yake baƙin ciki. Duk sanda na sauko na taɓa ƙofa, sai wani abu ya fizge ni har kafaɗa."

Gado, tsohon direban da ciwon ido ya zaunar, bai ɗago ba.

Liman ya ce, "Yaushe abin ya kama ka na ƙarshe?"

"Yau, bayan na cire ta."

"Kafin nan fa?"

"Kwana biyar bai..." Maliki ya dubi sarƙar.

Gado ya ce a hankali, "Ya zol, ɗana, kahraba ce, wato lantarki, ke taruwa a jikin mota da rani. In sarƙa tana jan ƙasa, ƙasa ke shanye ta. Mahaifiyarka ta ce tsoro ya hana ka cin abinci, ta roƙe ni in taimake ka, kada kowa ya ji. Shi ya sa na ɗaura ta kwana biyar da suka wuce."

Maliki ya kasa duban kowa.

Gado ya lalubo sarƙar. "Zo ka riƙe mini, ba na ganin ƙugiyar sosai."