Karen da Ba Ta da Shi

Kiɗan jiran ya sake zagayowa daga farko, Raelene Fazzalari ta mayar da wayar ɗaya kunnen. Tana tsaye a matakalar baya ta wurin aikinta, inda masu shan sigari ke fakewa, don nan kaɗai ke da 'yar inuwa. Zafin Janairu a birnin Adelaide, inda watan ke tsakiyar bazara, ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Burodin da ta ƙunso don abincin rana yana jaka, ko cizo ɗaya ba ta yi ba.

Tun da safe hankalinta ke tashe. Ta farka ta tarar kamfanin wutar Mulga Bend ya zura hannu cikin asusunta na banki, ya kwashe kusan dala ɗari tara. Ita da kanta ta ba su izinin cirar kuɗin wuta kai tsaye, wai don ta huta da tunawa. To, ga hutun nan. Gobe da safe dillalin gida zai ja kuɗin haya daga asusun, kuma tun wancan karon ya ja mata kunne cewa in ya sake ja ya tarar ba kome, ba za a sabunta mata zama ba. Ita da mahaifiyarta ne a gidan, tsohuwar da sai da sanda take kaiwa banɗaki. A garin nan kuwa, gida ɗaya in ya fito haya, layin masu nema har titi.

Duk wannan saboda kare, ita da ko kyanwa ba ta taɓa ajiyewa ba. Wanda ya zauna kafin ita ne ya bar allo a ƙyauren gefe, mai gargaɗin a yi hattara da kare. Sabon mai karanta mita ya gani, ya juya abinsa, don a dokar aikinsu ba a shiga gidan kare. Sai kamfani ya yi ƙiyasi, irin ƙiyasin da ko gidan burodi ba zai sha wutarsa ba.

Ta sauka ƙasa, ta hau sama, ta sake sauka. Ba ta ma tsaya sauraron muryar na'ura ba ɗazu, yatsanta ya san lambobin da zai danna. Abin da ba ta iya gajartawa ba shi ne layin. Hutun nata na ta zurarewa, ta duba agogo har ta gaji da kanta.

Kiɗan ya yanke.

"Barka da rana, Kieran ke magana."

Ta runtse ido. Duk cikin masu ɗaukar waya, sai ta faɗa hannun sabon shiga. Ta ba shi suna da adireshi da ranar haihuwa a jere tun bai tambaya ba. Can ɓangaren ya gyara murya ya kama karanto jawabin ban haƙuri.

"Tsallake wannan, ɗan nan," ta ce. "Na turo hoton mitar tun da safe. Duba ƙasa, ta hannun hagu."

Ya duba, ya gani. Ya yarda an cuce ta, ya ce za a mayar mata da rarar cikin kwana goma na aiki.

"Kwana goma? A bakin titi zan karɓa ke nan? Yau nake so. Haɗa ni da shugabarka."

"Tana cikin taro, malama."

"Taron me? Taron cin taliya?"

Ya yi tari. Ita ma ta san ba laifinsa ba ne, amma tsoro ya riga ya cika mata ciki, kuma shi ne a kusa. Ta zazzage masa tas. Ta ce sun iya ɗauka cikin ƙiftawar ido, mayarwa ce sai an yi musu tsarin mako biyu. Ta ce ya zo da kansa ya nemo karen, in ya same shi ta ba shi kyauta. Daga ƙarshe ta jefa masa abin da ƙanwarta ke ta zuga ta a kai.

"Na rantse yau zan bar kamfanin nan in koma wani!"

"Malama," ya ce a hankali, kamar mai roƙo, "ana fa naɗar wannan kiran."

Ta zauna a kan matakala, ƙarfen ya ƙona ta, ta zabura ta miƙe. Kieran ya ce zai sa alamar gaggawa, amma ba zai yi mata alkawarin gobe ba. Ta yi godiya can ƙasan maƙoshi, ta kashe wayar. Ga haushi ga kunya.

Hutun ya ƙare. Ta share fuska, ta tura ƙofa, sanyin na'ura ya buge ta. Ta ratsa tsakanin teburori da sauri, ta ajiye burodin nata a gaban Kieran, sabon shigan nan da kunnuwansa suka yi jawur don kunya, ba ta yarda sun haɗa ido ba.

Ta zauna a kujerarta. Ga kwamfutar nan a gabanta, ta san ainihin inda ake dannawa kuɗin ya koma yau, amma duk ma'aikacin da ya buɗe nasa asusun, a ranar yake tattara kayansa. Ta ɗora abin magana a kunne, fitila ta kama, ta saki murya mai daɗi: "Barka da rana, kamfanin wutar Mulga Bend, Raelene ke magana, da me zan taimaka?"