Faifai Huɗu da Sunan md0

Gaggawa ya faɗo ofishin rungume da sababbin faifan ajiyar bayanan kwamfuta huɗu, yana haki. Matar da ke karɓar baƙi ta ɗago, tana fifita da kwali.

"Kai ne mai gyaran injin? Sannu da zuwa! Tun jiya muke jin jiki. Yana ɗakin ƙarshe."

Ko amsa gaisuwar bai yi ba, don ba a banza aka laƙaba masa sunan nan ba. Da safe yayansa, mai kamfanin gyaran kwamfuta, ya ja masa kunne: faifan nan tsada gare su, aikin kuma shi ne damarsa ta ƙarshe. In ya sake kwafsawa, sai dai ya koma gida ya riƙa sauya wa Inna tashar talabijin. Maganar ta tsaya masa a rai, tsoro yake ji ba na wasa ba.

Aikin ba wuya. Babbar kwamfutar ofis tana haɗa faifai da yawa ta ɗauke su tamkar guda, ta ba haɗakar suna. Nasa kawai ya kwashe komai daga ƙananan faifai zuwa manya, ya sa wa sabuwar haɗakar md0, sunan da Yaya ya ce tsohuwar take amsawa.

Ya tarar da kwamfutar a kunne, a ƙarƙashin wata na'urar sanyi da ta yi tsit. Yaya ya ce faifai uku ne, shi biyu ya gani. Sunan ma md3 ne.

"Ji shirme," in ji shi. "Yaya ya fara tsufa."

Ya tuɓe riga, ya duƙufa. Wayarsa sai tsuma take a aljihu, ya share ta. Ya san halin Yaya da mita kamar sauro.

Da kwafi ya ƙare, sabuwar haɗakar ta tashi da sunan da ta ga dama, wai md127. Kai, ita ma da iyayi! Ya tsayar da ita, ya sake harhaɗa ta da sunan md0, ya kashe kwamfutar ya kunna.

Ta ƙi tashi. Md3 take nema, kamar yaron da aka sauya wa mai raino. Ihu ya ɓarke a ofis: wannan ta rasa takardun aikinta, wancan yana salati. Gumi ya wanke Gaggawa har cikin takalmi. Da kyar ya lalubo inda aka rubuta tsohon sunan, ya gyara. Ta tashi lafiya lau, komai ya dawo, ga fili har ba a san abin da za a zuba ba.

Daɗi ya kama shi. Don kada sunaye su sake rikicewa, ya goge tsofaffin faifan tas, ba sauran komawa baya. Yau kam Yaya zai san yana da ƙane.

Yana mayar da riga manajan ofishin ya leƙo, jiƙe sharkaf, ya miƙa tafin hannu saitin na'urar da ke bango, ya ɗan jira.

"Malam, har yanzu fa ba iska," ya ce. "Mu injin sanyi muka kira a gyara mana. Masu jiran mai kwamfuta suna hawa na sama, tun safe suke leƙowa ta taga."