Harmoniyar Baba

Na ƙara goga magagari sau ɗaya a bakin siririn harshen tagullar da ke fitar da sauti a cikin harmoniya. Makona uku kacal ina koyon gyaran harmoniya, akwatin kiɗa mai aiki da iska, wurin wani tsoho a kasuwar Lahore ta Pakistan, kuma tuni na lalata harsuna huɗu. Wannan kuwa daga akwatin kiɗan Baba na ciro shi, ga shi gobe zai yi waƙa a bikin yayana.

Na mayar da harshen, na ba akwatin iska, na danna. Sauti ya fito tas, daidai da 'yan'uwansa.

Shekara talatin ke nan, duk sanda waƙar Baba ta karkace, sai ya harari akwatin ya ce, "Harshen nan ne ba ya jin magana."

Bayan la'asar muka taru a tsakar gida. Baba ya tanƙwashe ƙafa, ya gyara murya, ya kama waƙar tarbar amarya. Da ya iso wurin da ya saba tuntuɓe, harmoniya ta haye lafiya lau, muryarsa kuwa ta zame gefe kamar kullum.

Mama ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na girgiza.

"Malam," in ji ta, "ko kai ma a goga maka naka harshen?"

Dariya ta ƙwace wa Baba har da hawaye. Ya turo mini akwatin.

"'Yar nan, kin iya aiki. Maza mayar da harshen nan yadda yake a da kafin baƙi su iso."